Wai sai an rufe shago muke tuna muna sonsa?

Maman Husna: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri yau da ƙorafi na zo. Akwai wani ɗan gidan abinci da mata da miji ke riƙe da shi a bayan wurin aikinmu, sun kusa shekara tara a wajen, jiya na bi ta nan na tarar an kifa kujeru a kan tebura, an manna takarda a ƙofa wai sun gode wa kowa, sun rufe. Da dare na hau Facebook sai ga mutane sun cika wuri da wayyo, Allah sarki, abincinsu babu na biyu, har da masu sa hoton kuka. Wallahi da yawansu na san su, kullum da rana a layin babban gidan abincin nan mai rassa ko'ina nake ganinsu. Ni ma ban wanke kaina ba fa, da na lissafa rabona da shiga wajen ya fi wata biyar. To tambayata, da gaske ne ɗan sayayyar da mutum ɗaya zai yi a ƙaramin shago tana canza wani abu, ko daɗin baki ne kawai?

Ɗan Baba: Wa alaikumus salam Hajiya. Ihu bayan hari kenan 😂 mu dama gwanaye ne wajen ta'aziyya

Abu Sadik: Maman Husna kin san ni ba na ɓoye magana. Ni mai albashi ne, yara huɗu, kafin ashirin ga wata aljihu ya fara kuka. In na shiga babban kanti na samu sabulu da man shafawa da famfas a ƙasa da yadda mai shagon kusa da ni ke sayarwa, kuma ga farashi a rubuce babu ciniki babu kallon fuska, don me zan je na biya ƙari? Tausayi ne zai biya min kuɗin makaranta? Masu cewa a tallafa wa ƙananan shaguna yawanci in ka duba waɗanda cikinsu ya cika ne.

Maman Husna: Ban ce ka bar yaranka da yunwa ba Abu Sadik, haba. Amma ba komai ne ya fi araha a can ba, ka taɓa zama ka kwatanta?

Abu Sadik: Abin da nake saya dai ya fi araha

Malam Nura: Abu Sadik bai yi ƙarya ba, amma akwai dabara a ciki. Manyan kantuna suna zaɓar 'yan kayan da kowa ya haddace farashinsu su karya su, wani lokaci har ƙasa da yadda suka saro, don su jawo ka ka shigo. Da ka shigo da kwandon turawa a hannu ai ba abu ɗaya za ka ɗauka ba, a sauran kayan da ba ka san farashinsu ba suke fanshewa. Shi ya sa abin da ka fi bukata yake can ƙuryar kanti, sai ka ratsa komai kafin ka kai. Ka duba risit ɗinka na ƙarshe ka ƙirga nawa ne a ciki ka fito gida da niyyar saya.

Ɗan Baba: Malam ka taɓa min ciwo. Kwan fitila na shiga saye na fito da leda uku kuma na manta kwan fitilar

Kawu Bala mai shago: Tun ɗazu nake karantawa ina ta danne zuciya, bari dai na faɗi nawa. Shekarata 22 ina zaman shago. Ku daina ɗora wa babban kanti laifi shi kaɗai, ni ba shi ya fi cutar da ni ba. Mutum ranar da aka yi albashi zai wanke mota ya tafi can ya cika but, ya biya kuɗi hannu, ko sisi ba za su ɗaga masa ba. Sai wata ya yi nisa kuɗi sun ƙare sannan ya tuna da ni, ya turo yaro da 'yar takarda wai Kawu a ba da kaza da kaza a rubuta. Ina da littafi mai baƙin bango a ƙarƙashin teburi, har gefensa ya yi laushi don buɗewa, akwai sunayen da suka shekara biyu a ciki, wasu sun tashi daga unguwar ma. Kuɗinsu na can, bashinsu na nan. Kuma ku gane, su manyan, kamfani ne ke kawo musu kaya su jira wata biyu ko uku kafin a biya su, wato da kuɗin wani suke kasuwanci. Ni dila ba ya sauke min katan ɗaya sai ya ga alat. Su su karɓa bashi su sayar kuɗi hannu, ni na saya kuɗi hannu na sayar bashi, to ta ina za mu haɗu a farashi?

Maman Husna: Kai Kawu. Wannan ta shige ni.

Abu Sadik: Kawu Allah ya huci zuciyarka, ni dai ba na cikin littafin ko? 😅

Kawu Bala mai shago: Ba a shagona kake ba ɗana, amma ka tambayi mai shagon layinku

Ummi K: Ni kuma ku bar ni na ɗan kare manyan. Na yi aiki shekara biyu a ƙaramin shago kafin na koma wani babban kanti. A ƙaramin, mai shagon mutumin kirki ne a baki amma albashi sai ranar da ya ga dama, babu hutu, babu takardar ɗaukar aiki, ranar da ƙanin matarsa ya gama makaranta kawai aka ce min na huta. A babban kuwa ranar biya ranar biya ce, akwai shif, akwai wanda za ka kai wa ƙara. Ba wai aljanna ba ce, tsayuwar awa takwas a kan kanta ba wasa ba, amma kar a mayar da kowane mai ƙaramin shago waliyyi. Wani zai sayar maka da abin da ya lalace ka dawo da shi ya ce ai ka riga ka fita da shi.

Kawu Bala mai shago: 'Yata gaskiya kika faɗa, akwai irinsu a cikinmu kuma su suke ɓata mana suna. Wanda ya tauye ma'aikacinsa ko ya goge kwanan watan lalacewar kaya ni ba zan roƙa masa kwastoma ba.

Malam Nura: Game da tambayar Maman Husna ta farko, ko yana canza wani abu. Akwai binciken da aka fi ambata, wani kamfani mai suna Civic Economics ya yi shi a 2004 a unguwar Andersonville da ke Shikago a Amurka. Sun ce a duk dala 100 da aka kashe a shagon ɗan gari, dala 68 na ci gaba da zagayawa a yankin, a na masu rassa kuma dala 43. Dalilin a fili yake, mai ƙaramin shago ribarsa a garin yake ci, akawunsa ɗan gari ne, mai yi masa allon talla da mai gyara masa firij duk na kusa ne. Shi kuwa reshe duk dare cinikinsa hedkwata yake tafiya, lissafi da talla da sayen kaya duk daga can ake yi.

Abu Sadik: Malam wa ya biya kuɗin binciken?

Malam Nura: Hahaha ka iya tambaya. 'Yan kasuwar unguwar ne suka nema a yi, kuma shagunan gari goma kawai aka duba. Don haka ni ba na rantsuwa da 68 ɗin, unguwa ɗaya ce a ƙasa ɗaya shekara ashirin da suka wuce. Amma hanyar da kuɗin ke bi ba ta bukatar bincike, kai ma ka san inda mai shagon layinku yake aski da inda yake gyaran babur.

Abu Sadik: To ai babban kantin ma 'yan gari yake ɗauka aiki, Ummi ga ta nan. Kuma abin da na rage a can a garin nan zan kashe shi, ba hedkwata zan aika ba.

Malam Nura: Wannan ma hujja ce, masana tattalin arziki da yawa ita suke kawowa. Inda na fi damuwa ni shi ne abin da ke biyo baya. Wani malami a jami'ar jihar Ayowa, Kenneth Stone, tun ƙarshen shekarun 1980 ya bi diddigin ƙananan garuruwa bayan Walmart, babban kantin nan mai rassa na Amurka, ya shigo. Ya ga masu sayar da abin da Walmart ba ya sayarwa wasunsu har ƙaruwa suka yi saboda jama'a na shigowa garin, masu sayar da irin kayansa kuma suka sha wuya, ƙauyukan da ke kewaye su suka fi kowa asara. Sannan a Janairun 2016 Walmart ya sanar da rufe shaguna 154 a Amurka, 102 daga ciki 'yan ƙananan rassan da ya gwada ne, da yawansu a ƙananan garuruwa. A wasu wuraren mai kantin garin ya riga ya rufe tun zuwansu, da suka tattara sai mutane suka wayi gari babu na gida babu baƙo, sai an yi tafiya a mota kafin a sayo cefane. Shawarar rufewar a ofis aka yanke ta, wanda ya yanke bai san sunan kowa a garin ba.

Ɗan Baba: An yi ba wan ba ƙanin kenan

Anti Ladi: Sannunku. Ni gidan abinci nake da shi, tebur bakwai, don haka labarin Maman Husna sai da gabana ya faɗi. Abin da mutane ba su gane ba, mu ba ranar cika muke tsoro ba, ranar Talata da rana muke tsoro. Haya ba ta san wata ya yi kyau ko bai yi ba, gas haka, yaran da ke taya ni haka. Kuma abinci ba sabulu ba ne da zai jira ka a kan kanta, abin da na dafa yau in bai ƙare ba asara ce. Akwai wani dattijo da ke zuwa duk Laraba, teburin kusa da taga yake zama, faranti ɗaya yake ci ba ya ƙari, wallahi shi ya fi min mutum ashirin da za su zo rana ɗaya su ɗau hoto su ce za mu dawo. Don shi na san da zuwansa, da shi nake auna abin da zan ɗora. Masu zuwa sau ɗaya a shekara rikita min lissafi suke yi, ranar abinci ya ƙare da wuri su tafi suna cewa ba mu da tsari.

Maman Husna: Anti wannan ita ce maganar da nake nema na kasa faɗa. Na taɓa ji ma a Amurka akwai rana guda da aka ware don ƙananan shaguna ko?

Malam Nura: Akwai, Asabar ɗin ƙananan 'yan kasuwa, tana zuwa washegarin Black Friday, Juma'ar da kantuna ke karya farashi, a ƙarshen Nuwamba. An fara ta a 2010, kuma abin dariyar kamfanin katin biyan kuɗi na American Express ne ya ƙirƙiro ta, wanda shi kansa yana da kamasho a duk sayayyar da aka yi da katinsa. Ingila ma sun ɗauka a 2013. Ba laifi ba ce, tana kawo ciniki, amma Asabar ɗaya ce cikin 52.

Anti Ladi: Sauran 51 ɗin mai gidan haya zai yafe? 😂 Kuma don Allah tunda an zo nan, masu oda ta manhaja ku ji. Wasu manhajojin kai abinci suna cire har kashi 30 cikin ɗari na kuɗin odar. Mutum yana kwance yana ganin ya taimaki ƙaramin gidan abinci, alhali ribar gaba ɗaya ta tafi, ni wahalar kawai na ci. In kana da lambar wajen kira su kai tsaye, ko ka taka ka karɓa.

Malam Nura: Haka ne Anti, lokacin korona a 2020 sai da birnin San Faransisko ya ƙayyade musu kashi 15 saboda gidajen abinci na ta mutuwa.

Sadiya M: Tambaya don Allah. Irin su McDonald's fa, na ji wai yawancin rassan ba na kamfanin ba ne, mutane ne ke sayen izinin amfani da sunan. To wannan ɗan gari ne ko baƙo?

Malam Nura: Tsaka-tsaki ne. Kusan kashi 95 cikin ɗari na gidajen McDonald's a hannun masu izini suke, mai shi zai iya zama maƙwabcinki. Amma duk wata yana biyan kamfani kaso daga ciniki, da kuɗin talla, sau da yawa har da haya don kamfanin ne ke riƙe da filin, kuma ba shi da ikon ya sayo kaya inda ya ga dama ko ya canza abin da ake dafawa. Kuɗi na tsayawa fiye da reshen da kamfani ke gudanarwa da kansa, amma bai kai na Anti Ladi ba.

Abu Sadik: Ni fa har yanzu abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da nauyin kan mai saye. Shi Sam Walton ɗin ai da ƙaramin kanti ya fara a wani ɗan gari a Akansas kafin ya buɗe Walmart a 1962. Ya iya kasuwanci ne ya girma. Yanzu don mutum ya yi nasara sai a ce a guje shi? In Kawu ya buɗe rassa hamsin gobe shi ma mu daina sayen nasa?

Kawu Bala mai shago: Allah ya kai mu ranar ɗana, ka daina saye ban damu ba 😂

Malam Nura: Abu Sadik ai wannan rigimar ta girme mu duka. Wajen 1930 kamfanin A&P yana da kantuna kusan 16,000 a Amurka, ƙananan 'yan kasuwa suka yi ta kuka har majalisa ta yi dokar Robinson-Patman a 1936, wadda ta hana masu kaya su ba manya rangwamen da suke hana ƙanana ba tare da dalili ba. Ba girman ake ƙi ba, amfani da girman a murɗe wuyan mai kawo kaya ake ƙi. A&P ɗin ma ya durƙushe a 2015. Faransa kuma wata hanya suka bi a harkar littattafai, tun 1981 doka ta ce kamfanin da ya buga littafin ke sa farashi, babu mai rage fiye da kashi 5, ko kai waye. Shi ya sa ƙananan shagunan littafi suka rayu a can. Na yarda da kai rabi, akwai abin da sai hukuma, aljihun mai albashi ba zai iya ba.

Ummi K: Kuma mutane in sun ƙi abu sun ƙi shi fa. Starbucks sai da ya rufe shaguna 61 a Ostareliya a 2008 don mutanen can sun fi son ƙananan wuraren shan kofinsu. Ba tausayi ne ya sa ba, nasu ya fi daɗi ne kawai. Ni a nan nake tsaye, ka gyara kayanka mu zo.

Kawu Bala mai shago: To bari na ba ku wani abu da babba ba zai yi ba. Makon jiya wata baiwar Allah ta zo da kan famfo a leda, yana ɗiga, an ce mata sai ta sayi sabo gaba ɗaya. Na kwance shi a gabanta, 'yar robar ciki ce ta cinye, na buɗe gwangwanin da nake tara irinsu na gwada uku ta huɗu ta zauna. Abin da ta biya ko kuɗin ledar bai kai ba. Riba babu, amma na san ranar da za ta sayi bokiti ko kwaɗon ƙofa wajena za ta zo. In ta zo ɗin kenan, don wasu robar kawai suke sani na da ita.

Maman Husna: Kawu ku kuma me ya hana ku haɗa kai ku riƙa saro kaya tare? In ku ashirin kuka haɗa kuɗi ai dila zai saurare ku.

Malam Nura: An yi a wurare da dama kuma ya yi aiki. SPAR haka ya faro a Holan a 1932, dillali da ƙananan masu kantuna suka haɗu suna saye tare. Edeka a Jamus ma ƙungiyar masu kantuna ce, Ace Hardware a Amurka masu shagunan ne suka mallaki kamfanin. Kowa da shagonsa, sari ne kawai ake yi a dunƙule.

Kawu Bala mai shago: Mun gwada Hajiya, mu takwas. Wata uku aka yi lafiya, a na huɗu ɗaya ya karɓi kasonsa na kaya ya ce kuɗin sai ya sayar, ɗaya kuma ya zagaya ya gaya wa dilan nawa muke da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka amma sai hannun sun yarda da juna. Yanzu mu uku muka rage muna yi a hankali, da rubutu da sa hannu wannan karon.

Abu Sadik: To ni ga iyakar abin da zan iya, kar a ce ban ji ba. Famfas da madarar yara ba zan fasa sayowa a can ba, bambancin yana da yawa. Amma ƙananan abubuwa na tsakiyar mako, batir, sabulun wanki, irin su, zan bar wa mai shagon layinmu kuma a ranar albashi zan fara da shi ba ranar da na tsiyace ba. Kuma in ya sayar min da abin banza zan dawo nan na faɗa.

Kawu Bala mai shago: Ka fara faɗa masa shi tukuna, a fuska. Yawancinmu da za a gaya mana da mun gyara, sai dai kawai mu ga mutum ya daina zuwa.

Ɗan Baba: Abu Sadik ka fara biyan na littafin kafin batir 😂😂

Abu Sadik: Kai Ɗan Baba Allah ya shirye ka. Kaɗan ne fa, kuma ya san da shi

Maman Husna: Anti Ladi ƙarfe nawa kike buɗewa ranar Talata? Mu huɗu ne a ofis, zan ja su.

Anti Ladi: Sha biyu an sauke. Ki turo min saƙo da safe na san yawanku, kar ku zo ku tarar ya ƙare ku ce ba ni da tsari.